Fitilar Ɗakin Wanki

Kelinu Psaila mutumin fitila ne. Tun yana saurayi shi ke hawa tsani ya jera ƙwayayen lantarki a fuskar cocin ƙauyensu Kirkop duk lokacin da bikin waliyyin gari ya matso, kuma har gashin kansa ya yi fari ba a sami wanda ya karɓe masa aikin ba. Abin da ya sani game da haske bai wuce abu ɗaya ba: in bai yi kyau ba, a ƙara. Idan ƙauyen da ke maƙwabtaka da su suka haska hasumiyarsu, Kelinu ba ya samun sukuni sai ta Kirkop ta fi ta haske.

Matarsa Sunta tela ce. Ta yi shekaru tana ɗinka rigunan amare da labulayen coci kafin ciwon jijiya ya raba ta da keken ɗinki. Ciwon ya fara daga tafin ƙafa kamar ana tsira mata allura, ya hau har gwiwa, daga baya ya kama yatsun hannu. Ƙwayoyin da likita ya rubuta suna rage zafin, amma suna sa ta jiri da tashin zuciya, ta wuni a kujera kamar an ɗaure ta. Abinci ma ya fita a ranta. Kelinu zai dafa mata naman zomo da tafarnuwa, abin da da take sha har romonsa, sai ta tsakura ta ture kwanon.

Wata Lahadi 'yarsu Doriette, wadda ke aure a garin Mosta, ta zo cin abincin rana da 'yar kwalba a jakarta.

"Mama, man wiwi ne. Wata abokiyar aikina ce ta haɗa da kanta. Ɗigo kaɗan za ki sa a ƙarƙashin harshe."

Kelinu ya ajiye cokali. "Wiwi? A gidan nan? Ke Doriette, uwarki kike so ki mayar 'yar shaye-shaye da tsufanta?"

"Baba, doka ta halatta tuntuni. Kuma na tambayi likitanta, ya ce a gwada kaɗan a gani, a dai riƙa sanar da shi."

Sunta ta miƙa hannu. "Kawo nan, 'yar albarka. Rabu da shi. Shi ba ƙafarsa ce ke ci da wuta ba."

Da dare ta ɗiga man. Washegari ba ta farka ba sai da ƙararrawar coci ta kaɗa, kuma tana buɗe ido ta ce a shafa mata tumatir da man zaitun a burodi. Kelinu ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon yadda take taunawa.

Kwalbar ta ƙare, mai haɗawa kuma ta koma aiki a wata ƙasa. Akwai ƙungiyoyin da ke ba mambobinsu wiwi bisa doka, amma sai an yi rajista da suna, Sunta kuwa ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba za a rubuta sunanta a can ba, ita da ta ɗinka wa Fada, limamin cocinsu, labulen bagadi. Na kan titi kuma Kelinu ya ce ba zai ba matarsa abin da bai san me aka zuba a ciki ba. Saura hanya ɗaya. Doka ta yarda kowane gida ya shuka tushe huɗu, muddin ba a hango su daga waje.

"Ni zan noma," in ji Kelinu.

Sunta ta dube shi ta gefen ido. "Kai? Na'ana'ar da na bar maka lokacin da nake asibiti, ina take?"

"Ita ba ta da wayar lantarki. Wannan a ɗaki ake nomawa, da fitila. In dai maganar fitila ce, ai kin san gida kika zo."

Doriette ta samo iri. Ta ce ta zaɓi irin nan mai fure da kansa, saboda ya fi sauri. Sauran iri sai an rage musu tsawon haske kafin su yi fure, shi kuwa wannan ba ya jiran kowa. Da zarar ya kai wajen wata guda zai fara fure, ko ya girma ko bai girma ba. Kelinu ya gyaɗa kai, amma hankalinsa na kan fitila.

A kan rufin gidansu akwai ɗan ɗakin wanki, kamar na kowane gida a unguwar. Kelinu ya share shi, ya jera tukwane huɗu, ya ɗauko wata ƙatuwar fitila cikin waɗanda yake haska hasumiya da su, ya rataya ta daf da ƙasar tukwanen. Iri ya tsiro, ganye biyu-biyu, kore shar. Kwana kaɗan gefen ganyen ya naɗe sama, ya bushe, ya yi launin toka. Kelinu ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa. Biyu suka mutu. Biyun da suka rayu suka tsaya cak, ba su wuce tsawon tafin hannu ba, kuma da lokacinsu ya yi suka yi fure a haka, ɗan tsurut a kan kowane, abin da ba zai cika cokali ba.

Ya sauko da tukunya ɗaya ya nuna wa Sunta. Ta juya ta hagu da dama.

"Wannan shi ne noman?"

"Irin ne ba shi da kyau."

"Irin ne, ko mai irin? Gasa su ka yi, tsoho. Ko kaza ka sa a ƙarƙashin fitilar nan da ta nuna."

Abin ya yi masa ciwo, don ya san gaskiya ta faɗa. Sai a lokacin maganar Doriette ta dawo masa: wannan iri ba ya jira. In ka cuce shi yana ƙarami, ba zai tsaya ya warke ba, da raunin zai tafi har ƙarshe.

Mutum ɗaya ya faɗa wa sirrinsa, amininsa Leli Briffa, tsohon direban bas, wanda suke shan shayi tare kowace safiya a kulob ɗin 'yan badujala. Leli mutum ne da bai taɓa cewa bai sani ba. Ya ce ai masu wannan harka fitila mai launin shunayya suke amfani da ita, ya gani a intanet, ja da shuɗi a haɗe, su kaɗai tsiro ke ci. Ya ma sa jikansa ya yi musu odar mai arha.

Kelinu ya sake shuka. Ɗakin wanki ya koma shunayya gaba ɗaya, har hannunsa in ya miƙa sai ya ga kamar na gawa. Tsiron kuwa a ƙarƙashin wannan haske duk baƙi-baƙi yake ganinsu, ba ya iya bambance mai lafiya da mara lafiya. Suka yi ta miƙewa sama, kara siriri, ganye nesa da juna, shi kuma yana murna wai suna girma.

Wata safiya yana fitowa sayen burodi, maƙwabciyarsu Lonza ta tare shi da tsintsiya a hannu.

"Kelinu, ina kwana? Gidan rawa ka buɗe a kan rufi ne ba ka gayyace mu ba? Tagar ɗakin wankinku sai walƙiya take, launin rigar bishop."

"Gwajin fitilun biki nake yi."

"A watan Maris? To, Allah ya ba da sa'a." Ta ci gaba da shara tana murmushi.

Ya koma ciki da sauri, ya hau rufi ya toshe tagar da kwali. Da ya ɗauko tukunya ɗaya ya fito da ita bakin ƙofa inda hasken rana ke faɗowa, sai ya ga ɓarnar. Ganyen duk ya yi rawaya, karan ya lanƙwashe ba ya iya ɗaukar kansa. Ya daɗe a haka, launin fitilar ne ya ɓoye masa.

Wannan karon bai sauko da komai ya nuna wa Sunta ba. Ya zauna a kan bokiti ya daɗe. Daga ƙasa yana jin ƙarar sandarta a kan tayil, tana jan ƙafa daga kujera zuwa banɗaki, tana tsayawa tana hutawa. Ya tashi ya cire fitilar Leli, ya naɗe wayarta, ya sa rigarsa ta fita kunya, ya hau bas zuwa garin Birkirkara, inda Doriette ta ce akwai shagon masu sayar da kayan noman ɗaki.

Ya wuce ƙofar shagon ya dawo, ya sake wucewa, yana duba ko akwai wanda ya san shi. Daga ƙarshe ya shiga. Mai shagon wata matashiya ce mai suna Ritienne, da ɗan kunne a hanci.

"Kawu, shigo mana, ba ma cizo. Tumatir za a shuka, ko ɗayan?"

"Ɗayan," ya ce da ƙaramar murya. "Ba nawa ba ne. Na matata ne."

"Kowa haka yake cewa."

"Ni da gaske nake."

Ta dube shi, ta daina dariya, ta jawo masa kujera. Ya ba ta labari tun daga fitilar hasumiya. Ta saurara har ƙarshe, sai ta ɗauko wata tukunyar ganyen miya da ke kan teburin shagon, ta sa ta a ƙarƙashin fitilar shunayya, ta kuma mayar da ita ƙarƙashin wata fara. A ƙarƙashin farar, kowane ɗigon rawaya da ke jikin ganyen ya fito fili.

"Ka gani? Farin nan duk launuka suna cikinsa. Shuɗin da ke ciki shi ke hana tsiro miƙewa kamar sanda, jan kuma lokacin fure ake bukatarsa, shi ya sa aka ƙara wa wannan ɗan ja. Ba wai ta shunayya ba ta noma ba ce, amma wadda aka sayo maka ba ta da ƙarfi, kuma ta rufe maka ido. Ta farko ta yi yawa, ta biyu ta yi kaɗan."

Ta nuna masa ɗan makunnin da ke gefen farar fitilar, wanda ake murɗawa a rage haske ko a ƙara.

"Wannan shi ne abokinka. Tsiro yana jariri, ka ɗaga fitila sama ka rage ta sosai. Yana girma kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. In gefen ganye ya naɗe sama, ko kan tsiron ya fara fari, haske ya yi yawa. In kara ya yi tsawo siriri, ya yi kaɗan."

"Ai ni da bayan hannu nake gwadawa. In ban ji zafi ba, shi ke nan."

"A'a, Kawu. Fitilun yanzu ba su da zafi, amma suna ƙona ganye. Hannunka ba zai gaya maka komai ba. Ganyen za ka kalla."

Kelinu ya juya makunnin ya rage hasken, ya ji wani iri a ransa, kamar an ce ya yi magana ƙasa-ƙasa a gidansa. Amma ya saya.

Bai yi gaggawar shuka ba. Ya shafe ɗakin wankin da farar ƙasa ciki da waje, ya sa fanka, ya yi wa fitilar sarƙa da ƙugiya yadda zai iya ɗaga ta ko sauke ta, ya haɗa ta da agogon da ke kunnawa da kashewa. Sai da bazara ta shigo ya sa iri a ƙasa. Da suka tsiro, ya ɗaga fitilar har kusa da silin, ya murɗa makunnin ƙasa. Ɗakin ya yi masa duhu. Kowace safiya hannunsa na ƙaiƙayi ya ƙara, sai ya zuba hannuwan a aljihu ya tsaya yana kallon ganye.

Tsiron suka yi gajeru, masu kauri, ganye faffaɗa a jere daf da juna. Tunda Sunta ba ta iya hawa matakala, lokaci-lokaci yakan tsinko ɗan ganye ya kawo mata tare da shayinta. Ita kuwa idonta idon tela ne, wadda ke bambance farin zare da farin zare. Za ta ɗaga ganyen wajen taga ta ce, "Wannan lafiya lau," ko ta ce, "Ya ɗan koɗe, ɗaga musu." Yakan yi gunaguni, amma yana ɗagawa.

Suka fara fure daidai lokacin da hidimar biki ta kankama. Kelinu ya rabu biyu. Da sassafe yana kan rufi, da hantsi yana kan tsani a fuskar coci, Leli na riƙe masa tsanin yana tsokanarsa.

"Manomi, ya gonar? Ka ajiye mini kason riƙon sirri."

"Riƙe tsani ka yi shiru, kai da ka kusa sa unguwa ta taru a ƙofata."

A makon ne ciwon Sunta ya tashi fiye da kowane lokaci. Zafin gari ya ƙara mata, ko zanin gado ya taɓa ƙafarta sai ta cije leɓe. Kelinu ya hau rufi ya tsaya gaban tsiron. Furen ya fara kumbura, yana ƙyalli, ƙamshinsa ya cika ɗakin, amma da saura kafin ya nuna. Ya ce a ransa ai yanzu sun girma, kuma yarinyar shagon nan da bakinta ta ce lokacin fure suna son ƙarfi. Ya murɗa makunnin har ƙarshe, ya sauke sarƙar ƙasa. Ɗakin ya yi fari fat kamar filin coci ranar biki. Sai ya ji hankalinsa ya kwanta.

Bayan kwana biyu ya kawo wa Sunta ganye daga kan tsiro mafi tsawo. Ta ɗaga shi wajen taga, ta daɗe.

"Ka ƙara musu wuta."

"Kaɗan."

"Ba kaɗan ba ne. Dubi bakinsa, ya fara fari. Gefen ma ya naɗe. Je ka rage."

"Sunta, so nake su yi sauri. Ina kallonki kina..."

"Saurin ne ya kashe na farko. Je ka rage, na ce."

"Ke da ba ki taɓa hawa kin gan su ba, za ki koya mini fitila? Ana jirana a coci. In na dawo na duba."

Ya fita ya ja ƙofa da ƙarfi. Amma a kan tsani hankalinsa bai zauna ba. Ya ɗaura ƙwan fitila a gurbin da ba nasa ba, ya kwance, ya sake ɗaurawa. Farin bakin ganyen nan ya tsaya masa a ido. Kafin rana ta take ya sauko, ya ce wa Leli yana zuwa.

Ya shiga gida, kujerar Sunta babu kowa. Ɗaki babu, banɗaki babu. Sandarta na jingine a gindin matakala. Ya haura da gudu, gwiwoyinsa na ƙara.

Tana cikin ɗakin wanki, zaune a kan bokiti, gumi ya jiƙa rigarta, ƙurar matakala duk a bayan siket ɗinta. A zaune ta hau, da baya, tana jan jiki daga wannan mataki zuwa wancan. Hasken ɗakin ya yi laushi. Ta murɗa makunnin baya, amma sarƙar ta fi ƙarfin yatsunta.

"Ke Sunta! Kashe kanki za ki yi?"

"Daina ihu, ka ɗaga musu fitilar. Hannuna ya ƙi."

Ya ɗaga. Sai ya duba kan tsiron da kyau. Biyu mafi tsawo kawunansu sun yi fari kamar an zuba gari, sauran biyun bai kai gare su ba. Da ya bari har yamma, ko har gobe kamar yadda ya so, da abin ya sauka ƙasa.

Ya durƙusa a gabanta, ya kama ƙafarta a hankali ya ɗora a kan cinyarsa. Ita kuwa tsiron take kallo.

"Ashe haka suke da kyau," ta ce. "Ka yi ƙoƙari, tsoho. Taurin kai ne kawai ya yi maka yawa."

"To yanzu ta yaya za ki sauka?"

"Wannan kuma matsalarka ce."

Dole ya kira Leli. Suka ɗora ta a kujerar roba, ɗaya a gaba ɗaya a baya, suka sauko da ita a hankali, Leli na haki yana cewa ko gunkin waliyyi da suke ɗauka ranar biki bai kai ta nauyi ba. Sunta ta ce in ya sake magana za ta faɗa wa matarsa inda yake ɓoye sigari. Ta kwana biyu tana biyan bashin wannan hawa da ciwo, amma ba ta yi ƙorafi ba ko sau ɗaya.

Kelinu bai sake taɓa makunnin ba sai ya nuna mata ganye. Aka yi biki aka gama, aka sauke fitilun coci aka mayar cikin akwatuna. Da furen ya nuna ya yanke, ya cire fararen kawunan ya zubar, ya rataye sauran a inuwa suka bushe. Abin da ya samu bai kai yadda ya yi mafarki ba, amma ya isa. Doriette ta zo ta haɗa man a kicin, taga a rufe saboda Lonza, ta kuma kai wa likita labari kamar yadda ya nema.

Ciwon bai tafi ba. Akwai ranakun da man ba ya yin komai, Sunta ta wuni tana fama. Amma an sami ranakun da take barci har safe, ta tashi ta ci abinci, likita kuma ya rage mata ƙwayar da ke sa ta jiri. Kelinu ya wanke tukwanensa ya sake shuka.

Da kaka ta shigo, lokacin kifin lampuki, wata Lahadi Sunta ta ce a kai ta kasuwar bakin teku a Marsaxlokk, don kifin da Kelinu ke sayowa ba ya mata. Doriette ta kai su a mota. Sunta ta sauka da sandarta, ta bi rumfuna a hankali, tana tsayawa tana hutawa, har ta kai wajen wata mai kifi da suka saba tun da. Ta ɗaga kifi ɗaya ta buɗe kunnensa ta leƙa, ta ajiye.

"Wannan na jiya ne."

"Haba Sunta, yau da asuba aka fito da shi! Ina kika shiga ne, duk an daina ganinki?"

"Ina nan. Ɗauko mini na ƙarƙashin tebur, wanda kike ɓoye wa mutanenki."

Mai kifin ta yi dariya ta sunkuya. Kelinu ya buɗe jaka ya tsaya yana jira.